Yadda ake girka bahon wanka ba tare da ya riƙa yoyo ba

Kafin ka nufi Sabon Gari sayen baho, fara da lissafin ruwa. Bahon da aka saba gani tsawonsa santimita 170 ne, yakan ci kusan lita 150, wato jarka shida ta 'yan garuwa. In ba ka da rijiyar burtsatse ko tanki a sama, a Zariyar nan da famfo kan yi kwanaki shiru, bokiti ya fi maka.

In kuwa ka dage, sayi na ƙarfe mai ƙyalli. Na roba ya fi riƙe ɗumin ruwa lokacin hunturu, amma yana lotsawa in mutum ya taka, ni ban yarda da shi ba.

Ajiye shi ka daidaita ƙafafunsa da ma'aunin birkila. Kada ka karkata shi don wai ruwa ya gangara, an riga an yi masa gangara a ciki. Bututun fitar ruwa na inci ɗaya da rabi ne, kuma dole a sa masa lanƙwasar nan da ke riƙe ɗan ruwa. Ita ke tare warin sokawe.

To, ga inda yara ke kwafsawa. Kada ka shafa silikon tsakanin baho da tayil alhali babu komai a ciki. Cika shi da ruwa tukuna, har kusan baki. Nauyin ruwan kan sa baho ya ɗan zauna, kuma a haka ake liƙe shi. In ka liƙe shi wayam, ranar da maigida ya cika ya shiga, silikon ɗin ya tsage, ruwa ya fara bin bango. Aikina na farko a wani bene a Tudun Wada haka ya kasance. Sati uku aka kira ni, silin falo ya yi taswira. Alhajin bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, zo ka ga aikinka." Da kuɗina na gyara.

Goge gefen ya bushe ƙarau kafin ka shafa, ka bar ruwan ya kwana a ciki, sa'a 24, sannan ka zubar.

Saura rufe gaba da bulo da tayil. Ka bar 'yar ƙofa saitin bututu. Mai tayil zai ce ta ɓata kyau, kada ka saurare shi, ba shi za a kira ranar da bututu ya toshe ba.