Kurakuran da kamfani ke yi idan ya taɓa cin ribar sayen wani kamfani

A 1983 kamfanin Quaker Oats na Amurka ya sayi Gatorade, abin shan 'yan wasa, kasuwa kuwa ta karɓe shi. Da 1994 ta zo sai ya zuba dala biliyan 1.7 ya sayi Snapple, shi ma abin sha. A 1997 ya sayar da shi dala miliyan 300 kacal, shugaban Quaker William Smithburg kuma ya sauka a wannan shekarar.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar kama da wane a matsayin wane. Gatorade manyan kantuna ne kasuwarsa. Snapple kuwa ƙananan shaguna ne suka raine shi, ta hannun dillalai masu zaman kansu da suka san kowane mai shago. Quaker ya so ya bi da shi hanyar da ya saba, dillalai suka ƙi, ciniki ya faɗi. Sabo turken wawa, in ji Bahaushe, kuma a nan abin ya ba ni takaici, domin gyaran ba shi da tsada. Kafin a sa hannu, a zauna a rubuta inda sabon kamfanin ya bambanta da na baya: wa ke saye, wa ke kai kayan, wa zai yi fushi idan aka sauya tsari. A tambayi dillalan da bakinsu.

Binciken masana harkar kasuwanci Haleblian da Finkelstein na 1999 ya nuna cewa wanda ya sayi kamfanoni kaɗan ya fi faɗawa wannan rami, saboda yakan ɗora darasin ciniki ɗaya a kan wanda bai yi kama da shi ba.

Wani kuskuren, barin ilimin a kan mutum ɗaya. Wanda ya haɗe ma'aikata da lissafin kamfanoni biyu ya yi ritaya, ya tafi da abin da ya sani. Cisco, kamfanin kayan sadarwa na Amurka da ya sayi kamfanoni sama da 200, ya ware ma'aikata na musamman don wannan aiki. Ƙaramin kamfani ma zai iya ajiye rubutaccen bayani bayan kowane saye, har da abin da ya lalace.

Sai gaggawa: kada a shiga sabon ciniki alhali ma'aikatan na baya ba su ma san wa za su kai wa rahoto ba.