Yadda ma'aikata da yawa za su rubuta fayil a gungun kwamfutoci ba tare da sun taka juna ba

Idan shirinka yana gudana a gungun kwamfutoci, kuma kowane ma'aikacin MPI (wato kowane kwafin shirin da ke gudana tare da sauran, suna musayar saƙo ta tsarin MPI) yana da abin rubutawa, tun kafin a buɗe fayil ka yanke wa zai rubuta a ina. Da yawa kulle suke fara nema, wato hana kowa rubutu a fayil ɗin sai wanda ke riƙe da makulli. Ni kuwa kulle ne na ƙarshe a lissafina, domin da zarar ka sa ma'aikata dubu jiran makulli ɗaya, ka mayar da su mutum ɗaya.

Ga abin da ke faruwa in an bar su sakaka. Ma'aikata 64 sun buɗe sakamako.txt da O_APPEND (wato a ƙara rubutu a ƙarshen fayil), kowa yana ta rubutu da fprintf. A na'ura ɗaya komai ya yi kamar lafiya lau. A gungu kuwa sai ka ga rabin layin ma'aikaci na 7 manne da wutsiyar na 31, wasu layukan ma babu su sam. Shi fprintf tarawa yake yi a ma'ajiyarsa, in ta cika ya juye, ba ruwansa da inda layi ya ƙare. Shi kuma NFS, tsarin da na'urori ke haɗa fayiloli ta hanyar sadarwa, bai san wani umarni na "ƙara a ƙarshe" ba: kowace na'ura takan duba tsawon fayil sannan ta rubuta, to in biyu suka ga tsawo ɗaya, ta baya ta shafe ta gaba. Jagorar open ta Linux ta yi wannan gargaɗin ƙarara.

Mafi sauƙin mafita, kowa da fayilinsa. Ka liƙa lambar ma'aikaci a sunan, ko ka bar wa Slurm, manhajar da ke raba ayyuka a gungu: srun --output=log.%j.%t ya wadatar. Kada ka raina wannan hanya, in ma'aikatan ɗaruruwa ne ta isa. In sun kai dubbai ne take zama jidali, saboda a Lustre, tsarin fayil na haɗaka da manyan gungu ke amfani da shi, duk ƙirƙirar fayil sai ta bi ta na'urar da ke riƙe da sunaye, ko ls ka buga sai ka jira. Tura komai ga ma'aikaci na 0 da MPI_Gather ma yana yi, muddin bayanan ba su fi ƙarfin ƙwaƙwalwar na'urarsa ba.

In kuwa fayil ɗaya babba kake so, MPI-IO, ɓangaren MPI na karanta fayil da rubuta shi, shi ne abin yi, yana nan tun MPI-2 na 1997. A ce ma'aikata huɗu ne, da baiti 100, 250, 80 da 300. Na farko zai fara daga 0, na biyu daga 100, na uku daga 350, na huɗu daga 430. Kowa ya san iyakarsa, babu abin da za a kulle. MPI_Exscan tare da MPI_SUM ne ke fitar da waɗannan lambobi, amma a kula: abin da yake mayar wa ma'aikaci na 0 ba abin dogaro ba ne, kai za ka sa masa sifili da hannunka. Kuma ka ajiye lambar a MPI_Offset, kada ka sa ta a int, wanda ke fashewa da zarar an haura gigabait 2.

Daga nan sai MPI_File_write_at_all. Wannan _all ɗin na nufin rubutun gayya ne: laburaren yana tattara ƙananan gutsattsari wurin 'yan ma'aikata kaɗan, su rubuta manyan dunƙule a madadin kowa. Sharaɗinsa shi ne dole kowa ya kira shi, har wanda ba shi da ko baiti ɗaya, sai ya kira da sifili. In ɗaya ya tsallake saboda wani if, sauran za su yi ta jiransa har lokacin aikin ya ƙare. Wani tarkon kuma, MPI_MODE_CREATE ba ya goge tsohon fayil. In na jiya ya fi na yau tsawo, wutsiyarsa tana nan a ƙarshe, don haka ka kira MPI_File_set_size da sifili bayan buɗewa.

Sai batun sauri. Lustre yana yanka fayil ya rarraba a rumbuna da yawa, amma a gungu da dama, in ba ka ce komai ba, rumbu ɗaya zai ba ka. Duba da lfs getstripe, ka gyara da lfs setstripe -c 16 -S 4M a kan foldar, kuma kafin fayil ɗin ya wanzu, don wanda aka riga aka rubuta ba ya canzawa da wannan. Ko da ma'aikata ba su haɗa baiti ba, in na'urori biyu suna rubutu dab da juna a yanki ɗaya, za su yi ta ƙwace izinin rubutu daga hannun juna, saurin ya zube. In bayananka jadawalin lambobi ne, laburaren HDF5 ko PnetCDF sun hau kan MPI-IO, sun rage maka lissafin.

Ayyukan da ba su san juna ba, irin na sbatch --array, ba su da damar yin gayya. Kowanne ya rubuta da sunan wucin gadi, in ya gama ya yi rename zuwa sunan gaske a tsarin fayil ɗaya, mai karatu ba zai taɓa cin karo da rabin fayil ba. In dole sai an kulle, buga mount ka duba tukuna: in ka ga localflock, to kullen da kake yi da flock a cikin na'ura ɗaya kawai yake aiki, kuma ba zai gaya maka ba. SQLite, ƙaramar ma'adanar bayanai, ma kada ka ɗora shi a rumbun haɗaka ana rubutu daga na'urori da yawa.

Wajen gwaji, sa kowane layi ya ɗauki lambar ma'aikaci da lambar jeri, sannan ka ƙirga su bayan an gama. Kuma ka gwada a na'urori biyu aƙalla, da --nodes=2, domin ma'aikatan da ke na'ura ɗaya ma'ajiya ɗaya suke gani, matsalar ɓacewar layuka ba za ta fito ba.