Yadda manoman yammacin Kanada za su ceto reshen layin dogo kafin a tumɓuke shi

Tun da gwamnatin Kanada ta soke tallafin jigilar hatsi a 1995, manyan kamfanonin jirgin ƙasa biyu, CN da CP, suka riƙa yasar da ƙananan rassan da ke kai wa ƙauyukan Saskacewan da Manitoba da Albata, domin sun fi son loda tarago ɗari ko fiye a manyan rumbuna da masana'antun matse man kanola irin na garin Yorkton a Saskacewan.

Matakin farko shi ne sa ido a kan jadawalin shekara uku da dokar sufuri ta 1996 ta wajabta wa kowane kamfani ya wallafa, wanda ke nuna layukan da yake niyyar dainawa da amfani da su. Idan sunan reshenku ya fito, dole a jira wata 12 kafin a tallata shi don sayarwa, kuma a ganina a cikin waɗannan watannin ake yin nasara ko a yi asara, domin wanda ya tsaya sai ya ga talla ya riga ya makara.

Ku fara da ƙidayar kaya. Tarago ɗaya na ɗaukar kimanin tan 90, saboda haka a bi manoma gida-gida a karɓi alkawari a rubuce na adadin taragon da kowa zai cika a shekara. Dokar hatsi ta ba manomi haƙƙin neman tarago ya loda da kansa, kuma a kan wannan haƙƙi ƙananan layuka da yawa suke rayuwa. In akwai masana'antar gyaran wake ko niƙan hatsi a gefen layin, a shigo da ita tun farko, domin kayanta ba sa yankewa bayan kaka.

Daga nan a taka layin da ƙafa tare da injiniya. A duba katakon da ke ƙarƙashin ƙarfe, wanda idan ya ruɓe ƙusa kan zare da hannu, a kuma leƙa ƙarƙashin kowace gada, domin gyaran gada ɗaya kan cinye ribar shekaru.

Idan an tallata layin, masu so suna da aƙalla kwana 60 su bayyana niyyarsu, sannan wata shida na ciniki. In ciniki ya watse, kamfanin zai miƙa tayin ga gwamnatoci har zuwa ƙananan hukumomi, a kan kuɗin da bai wuce darajar ƙarfe da filin ba. Alal misali, manoman Forestburg a Albata sun kafa ƙungiyar gama kai, suka sayi reshensu daga CN a 2010, ya zama Battle River Railway. Kafin ku sa hannu, ku tabbatar an rubuta yarjejeniyar yadda babban kamfanin zai riƙa kawo taragon da babu kaya, ya kwashi cikakku a mahaɗar layi.