Kiwon kifin kilaun a Damagaram: kurakuran da ke kashe shi da yadda ake gyara su

Kifin kilaun, ɗan ƙaramin nan mai ruwan lemu da ratsin fari uku, asalinsa ruwan ɗumi na tekun Indiya da na Fasifik. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa yau a gidajen kiwo aka ƙyanƙyashe su, ba daga teku aka kamo su ba, kuma su ne ya kamata ka nema. Sun saba da abincin gwangwani, ba su cika zuwa da cuta kamar na kamu ba, kuma in sun samu kulawa suna wuce shekara 10. Abin baƙin ciki, a garin da ke nesa da teku irin namu, kifin da ya jure doguwar tafiya yakan mutu a makon farko, saboda ruwan da ya tarar bai shirya karɓarsa ba.

Gaggawa ce ke fara kashe shi. Mutum ya sayi tankin gilas yau, ya zuba ruwa, gobe ya saka kifi. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun yaɗu a jikin duwatsu da yashi sannan za su mayar da ita nitirit, wasu kuma su mayar da nitirit ɗin nitirat, wanda illarsa ba ta kai ba. Wannan yakan ci mako 4 zuwa 6. Ka bar tankin yana aiki ba kifi, kana jefa ɗan abinci kaɗan ya ruɓe, kana awo, har amoniya da nitirit su koma sifili. Tankin kuma kada ya gaza lita 75 ga kifi biyu. Ƙaramin tanki ya fi wuyar riƙewa, domin ruwa kaɗan nan take yake sauyawa.

Sai gishiri. Na miya, na Bilma, manda, kanwa, babu wanda ya dace a cikinsu. Ruwan teku na ɗauke da kalsiyam da magnesiyam da sauran sinadaran da murjani, halittar tekun nan mai rai da ake kiwo a tanki tare da kifi, ke gina jikinsa da su, don haka gishirin da aka haɗa musamman don tankin teku ake nema. Ana so a samu kusan giram 35 a kowace lita, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin gishirin ruwa. A bokiti daban ake haɗawa, ya kwana yana motsi, kafin ya shiga tanki. Ruwan ma sai an duba: na pompi akwai kulorin, na rijiya kuwa zai iya zuwa da nitirat mai yawa. Wanda ya bi ta injin tacewa na osmos shi ne lafiya.

Akwai kuskuren da iskarmu ke tsanantawa. Da hunturu, busasshiyar iska na shan ruwan tanki da sauri, sai mai kiwo ya ga ya ragu ya cike da ruwan gishiri. Ruwa ne kaɗai ke tashi, gishiri yana nan, kamar dai miyar da ta daɗe kan wuta. Kowace cikowa da ruwan gishiri tana ƙara masa kaifi har kifi ya jigata. Yi alama a jikin gilas, kullum ka cike zuwa alamar da ruwa tatacce marar gishiri. Ruwan gishiri sai lokacin canji, inda za ka kwashe kamar kashi 10 cikin 100 duk mako ɗaya ko biyu ka zuba sabo.

Zafi kuwa, shi ne abin da ya kamata ɗan Damagaram ya yi wa lissafi tun kafin ya kashe ko dala. Kifin nan da murjani suna son digiri 24 zuwa 27. A watannin Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura 40, ɗakin kwano kuma ya riƙe zafin har dare. Ruwa na ɗumama iskar da ke cikinsa na raguwa, sai ka ga kifi a sama yana haki. Murjani in ya daɗe a sama da 30 yakan koɗe ya yi fari. Kafa tankin a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri biyu ko uku, kuma a busasshiyar iska irin tamu tana aiki sosai, sai dai za ka ƙara yawan cikowa. In abu ya ƙwace, saka gorar ruwa mai ƙanƙara, a rufe ruf, ɗaya bayan ɗaya, kada sanyin ya faɗo farat ɗaya. Wanda ba shi da kilim ko injin sanyaya ruwa, shawarata ya fara da kifi da duwatsu, ya jinkirta murjani har ya ga yadda tankinsa ya tsallake bazara guda. Kada kuma ka ce garin zafi ba ya buƙatar injin ɗumama ruwa: daren Disamba da Janairu sanyi yakan sauka kusan digiri 15.

In aka ɗauke kuran, rashin fitila ba shi ne damuwa ba. Tsayawar ruwa ce ke shaƙe kifi, da zafi ma cikin 'yan sa'o'i. Famfon iska mai batiri ba shi da tsada in ka gwada da kuɗin kifin, kuma ya kamata ya riga kifin shigowa gida. Mai sola ya haɗa famfon ruwan a kai.

Wani abu da ake mantawa shi ne maganin sauro na feshi. Guba ce mai ƙarfi ga kifi, ɗan abin da ya sauka kan ruwa ya isa. Kada a fesa a ɗakin, gidan sauro ya wadatar. A sanar da uwargida da yara, su kuma nisanta hayaƙin turaren wuta da tankin. Hannun da ke da sabulu ko man shafawa kada ya shiga ruwa. Saka murfin raga, domin kifin yakan yi tsalle.

Wajen haɗa ma'aurata ma ana kuskure. Kifin nan yakan fara zama namiji, wanda ya fi girma da ƙarfi sai ya rikiɗe ya zama mace, kuma mace ba ta komawa namiji. Manya biyu da suka zauna daban-daban mai yiwuwa duk mata ne, za su yi ta faɗa har ɗaya ta halaka. Sayi ƙanana biyu iri ɗaya, ko babba ɗaya da ƙarami sosai. Kada ka gauraya iri daban-daban a ƙaramin tanki.

Mutane da yawa suna ganin dole sai da anemoni, dabbar nan mai kama da fure da kifin ke fakewa cikinta a teku. Ba dole ba ne. Kifin gidan kiwo na rayuwa lafiya ba tare da ita ba, wani ma ko kallonta ba ya yi. Ita tana buƙatar haske mai ƙarfi da tankin da ya yi aƙalla wata shida, tana yawo, famfo na iya tsotse ta, kuma in ta mutu takan ɓata ruwan gaba ɗaya.

Ranar da kifi ya iso, ko ta Kano ya biyo ko ta Yamai, ya daɗe a leda kuma amoniya ta taru a ruwansa. Ɗora ledar a rufe kan ruwa minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita, ka auna gishirin ledar ka daidaita naka da shi, sannan ka kwashe kifin kaɗai. Ruwan leda kada ya shiga. Ajiye shi a ƙaramin tanki na daban kamar mako 4, kana lura ko fararen ɗigo za su fito, ko fatarsa ta yi yauƙi, ko numfashinsa ya yi sauri. In magani ya kama, a can za a yi shi, domin mai sinadarin jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande. Abinci kuwa, ɗan abin da zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, abin da ya rage ka tsame shi.