Darasi na Tara: Renon Furen Okid a Ɗaki Lokacin Sanyi

Wannan darasi na 'yan uwanmu ne da zama ya kai su ƙasashen sanyi irin su Ingila, Jamus da Kanada. A can ana sayar da furen okid har a kantunan cefane, kuma maƙwabta kan kawo wa mutum shi idan ya tare a sabon gida. Da yawanmu mun karɓa hannu bibbiyu, amma kafin watan Fabrairu ya fita furen ya mutu a hannunmu. Ku karanta a hankali, ba gaggawa.

Okid iri-iri ne, sun haura 25,000 a duniya. Wanda aka fi sayarwa shi ne Phalaenopsis, haka za ku ga an rubuta a takardar da ke jikin tukunyar. Furensa kamar malam-buɗe-littafi ya baje fukafukai. Asalinsa dazuzzukan Filifin da Indonesiya da maƙwabtansu ne, inda ake zafi da laima duk shekara. A can ba a ƙasa yake tsirowa ba. Yana maƙale a reshen bishiya kamar kauci, sai dai shi ba ya tsotson bishiyar, mazauni kawai ya nema. Saiwoyinsa na reto a iska. Ruwan sama ya jiƙa su, jim kaɗan iska ta busar da su. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya gama rabin darasin, domin shi ya sa ake dasa shi cikin gutsattsarin ɓawon itace, ba cikin ƙasa ba.

Na farko da na rena, ni na kashe shi da hannuna. Kullum da safe sai na ba shi ruwa, yadda na saba yi wa alayyafo a gida. Ganyensa ya fara yanƙwanewa, na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Ranar da na zare shi daga tukunya na tarar saiwoyin sun yi baƙi sun ruɓe, suna wari. Na matsa ɗaya da yatsu biyu, fatar ta saɓule, ya rage ɗan siririn zare. Abin ya tsaya mini a rai. Ashe saiwar da ta ruɓe ba ta iya shan ruwa, don haka furen da aka cika wa ruwa kan yi kama da mai jin ƙishi.

Kafin ku ba shi ruwa, ku duba saiwa. Tukunyar robarsa ana ganin ciki, da gangan aka yi ta haka. Idan saiwa kore ce shar, ta ƙoshi, ku ƙyale ta. Idan ta koma fari-fari kamar azurfa, lokaci ya yi. A watannin sanyi wannan kan kama kwana 7 zuwa 10. Ku kai shi wurin wanke-wanke da safe, ku kwarara masa ruwa mai ɗan ɗumi, ku jira ya tsiyaye sarai ta ramukan gindin tukunya kafin ku mayar da shi. Kada gindin ya kwana cikin ruwa. Idan ruwa ya taru a tsakiyar ganyaye, inda sabon ganye ke fitowa, ku tsane shi da ƙyalle ko auduga, don ruɓa daga nan tana da wuyar magani. Wasu na cewa a ɗora masa ƙanƙara a maimakon ba shi ruwa. Ni ba na ba da wannan shawara, tsiron ƙasar zafi ne. Taki kuwa sau ɗaya a wata ya isa, a tsarma shi sosai.

Sai haske. A Landan, ƙarshen Disamba, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta bai cika awa 8 ba, ranar ma ba ta da ƙarfi. Ku matsar da shi kusa da tagar da ke kallon gabas ko kudu. Ganyen da ya yi kore mai duhu sosai yana neman ƙarin haske.

Amma bakin taga na da nasa haɗari. Gilashi kan yi sanyi ƙarara da dare, kada ganye ya taɓa shi. Idan za ku ja labule, ku shigo da tukunyar ta cikin ɗaki, kada a rufe ta tsakanin labule da gilashi. Ɗumin da yake so shi ne wanda mutum ke jin daɗinsa, digiri 18 zuwa 25, kuma kada ya sauka ƙasa da 15. Haka idan kun saye shi a kanti, a naɗe shi da takarda kafin a fita waje.

Hita ma ba a kanta za a ajiye shi ba. Tana busar da iskar ɗaki yadda hunturu ke yi mana a gida, har leɓe ya tsattsage. Ku zuba tsakuwa a faranti, ku sa ruwa kaɗan wanda bai rufe tsakuwar ba, ku ɗora tukunyar a kai. Ku kuma nisanta shi da kwandon ayaba ko tuffa, domin 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska da ke zubar da furen da bai buɗe ba.

Furensa kan daɗe wata 2 zuwa 3. In ya zube, tsiron bai mutu ba, kada ku jefar. Karan da ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ku yanke shi daga gindi da almakashi mai tsabta. Wanda yake kore ku yanke shi sama kaɗan da wata gaɓa, wani lokaci yakan sake yin reshe.

Aikin gida: ku rubuta kalmomin nan sau uku-uku a littafinku: saiwa, ɓawo, laima, tsakuwa. Mai okid a gida ya duba saiwarsa kowace safiya har mako guda, ya rubuta rana da launin da ya gani, ya zo da takardar aji mu karanta tare.