Neman kuɗin inshorar PPI daga bankunan Birtaniya: inda mutane suke yin kuskure

Duk wanda ya taɓa cin bashin banki, ko ya riƙe katin bashi, ko ya sayi mota ko kayan ɗaki biya-sannu a Birtaniya tsakanin 1990 da 2010, akwai yiwuwar an liƙa masa wata inshora da ake kira PPI. Manufarta a takarda mai kyau ce: idan ciwo ya kwantar da kai, ko ka yi haɗari, ko aiki ya kufce maka, inshorar ta ci gaba da biyan bashin na wani lokaci. Amma an sayar da ita har kusan miliyan 64, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka sayar wa ba su san ma suna da ita ba, wasu kuma ko sun nemi ta biya ba za ta biya su ba. Daga 2011 zuwa yanzu bankuna da kamfanonin kati sun mayar wa mutane fiye da fam biliyan 38. Cikin masu haƙƙi har da waɗanda suka yi karatu ko aiki a can suka koma gida, da magadan waɗanda suka rasu.

Kuskure na farko kashi biyu ne, kuma duka biyun a kan kwanan wata suke. Hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi ta ƙasar, FCA, ta sa ranar 29 ga Agusta 2019 a matsayin ranar ƙarshe ta shigar da koke ga banki. Wasu ba su san da wannan ba, har yau suna cike tsohon fam ɗin koke suna aikawa, banki ya mayar musu da amsa cewa lokaci ya wuce. Wasu kuma sun ji labarin wa'adin, suka ɗauka komai ya rufe, suka zubar da takardunsu. Ƙofar da ta rufe ita ce ta koke na yau da kullum. Wa'adin bai shafi inshorar da aka sayar bayan 29 ga Agusta 2017 ba. Bai shafi wanda inshorarsa ke raye, ya nemi ta biya aka hana shi ba. Wanda kuma wata babbar lalura, kamar jinya mai tsanani, ta hana shi kai koke a kan lokaci, yana iya neman a duba uzurinsa, sai dai a nan ana tsananta bincike, kuma cewa "ban ji labari ba" ba ya wadatarwa. Sai hanyar kotu da maganar haraji, waɗanda za mu zo kansu.

"Ai ni ban taɓa sayen wannan inshorar ba"

Wannan ita ce maganar da ta fi jawo wa mutane asara. Asalin matsalar ke nan: an sa wa mutane ita ba tare da an tambaye su ba, ko an yi alama a akwatin amincewa tun kafin a miƙa musu takarda su sa hannu. Kuma ba kullum ake rubuta haruffan PPI ba. Kowane banki da sunan da yake ba ta, galibi wani suna mai ma'anar kariya ga bashi, ko ga kati, ko ga asusu. A katin bashi, tana fitowa a matsayin ɗan ƙaramin caji kowane wata wanda yake hawa da sauka gwargwadon bashin da ke kan katin. A bashin banki kuwa, sau da yawa ana haɗa kuɗin inshorar gaba ɗaya a ɗora shi kan uwar kuɗin tun ranar farko, sai mutum ya riƙa biyan kuɗin ruwa har a kan inshorar. An daina sayar da wannan nau'in a 2009 saboda irin cutar da ke cikinsa.

Gyaran shi ne a daina dogaro da ƙwaƙwalwa. Doka ta ba ka damar rubuta wa banki ka nemi duk bayanan da yake riƙe da su a kanka, kyauta, kuma wajibi ne ya amsa cikin wata guda. A cikin wasiƙar ka sa cikakken sunanka kamar yadda yake a lokacin, ranar haihuwa, da duk adireshin da ka zauna. Nan ne mutanenmu suka fi samun tangarɗa. An buɗe asusu da Muhammad, fasfo na yanzu yana ɗauke da Mohammed, ko mace ta buɗe da sunan mahaifinta yanzu tana amfani da na mijinta, sai kwamfutar banki ta ce babu irin wannan mutum. Ka jera duk yadda aka taɓa rubuta sunan. Idan ka manta wanda ya ba ka bashin, rahoton kamfanonin da ke tara tarihin bashi, wato Experian da Equifax da TransUnion, zai nuna, amma asusun da aka rufe fiye da shekara shida ba ya fitowa a ciki. Katin kanti kuma yana da nasa tarko: kantin da sunansa ke jikin katin yawanci ba shi ne mai bashin ba, wani kamfanin kuɗi ne a bayansa, kuma shi ake nema.

Koke marar dalili

Samun inshorar kaɗai bai isa a biya ka ba. Dole a nuna an sayar da ita ba bisa ƙa'ida ba, kuma mutane da yawa sun rubuta layi ɗaya kawai suna cewa an cuce su. Dalilan da ake karɓa sanannu ne. An ce maka ba za a ba ka bashin ba sai ka karɓe ta, alhali ba dole ba ce. Kana sana'ar kanka, ko ɗalibi ne kai, ko ba ka da aiki, ko ka yi ritaya a lokacin, wanda ke nufin ɓangaren rasa aiki ba zai taɓa amfaninka ba. Kana da tsohon ciwo, ba a tambaye ka ba, ba a kuma gaya maka cewa inshorar ba ta ɗaukar ciwon da ya riga ta ba. Shekarunka sun haura iyakar da aka gindaya. Bashin na shekara goma ne, inshorar ta shekara biyar. Bashin na mutum biyu ne, inshorar ta mutum ɗaya. Kowane dalili yana son hujjarsa: takardar albashi, takardar haraji ta mai sana'a, wasiƙar likita mai kwanan wata. Kada kuma a ƙara gishiri. Bankuna na ajiye takardar neman bashin, wani lokaci har da muryar wayar da aka yi, kuma ƙarya guda tana rushe gaskiya goma.

Inda har yanzu koke yake karɓuwa, banki na da mako takwas ya ba da amsarsa ta ƙarshe. Daga ranar da ke jikin wannan wasiƙar kana da wata shida ka kai maganar ofishin sasanta rikicin kuɗi, Financial Ombudsman Service, wanda ba ya karɓar ko kwabo. Mutane na ɓata waɗannan watannin suna ta musayar wasiƙu da banki, suna zaton hakan na tsayar da lissafi. Ba ya tsayarwa.

La'adar da aka ɓoye

Wannan ɓangaren ne ya fi rikitarwa, kuma shi ne babban abin da ya rage a yau. A Nuwamba 2014 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar Susan Plevin da kamfanin Paragon da ya ba ta bashi. Kashi 71.8 cikin ɗari na kuɗin inshorar da ta biya la'ada ce ta masu sayarwa, kuma ba wanda ya gaya mata. Kotu ta ce ɓoye irin wannan la'ada ya sa mu'amalar ta zama ta rashin adalci a ƙarƙashin dokar bashi ta 1974. Muhimmancin hukuncin shi ne, ko da kai da kanka ka nemi inshorar kuma ta dace da kai, kana iya samun haƙƙi ta wannan fuskar.

FCA ta ɗauki kashi 50 a matsayin iyaka, ta ce a mayar da abin da ya haura. A ce ka biya fam 2,000 na inshora, la'adar kuma kashi 70 ce, wato fam 1,400. A lissafin hukumar fam 400 za a mayar maka, da kuɗin ruwansa. Kotu ba ta ɗaure da wannan iyakar ba, kuma akwai alƙalan da suka ba da umarnin a mayar da la'adar duka. Shi ya sa wasu suke bin hanyar shari'a, wadda wa'adin 2019 bai shafa ba.

Kurakuran a nan na lissafin lokaci ne. Dokar ba ta kama yarjejeniyar da aka ƙulla kafin 6 ga Afrilu 2007 aka kuma kammala ta kafin 6 ga Afrilu 2008 ba. A Ingila da Wales wa'adin shigar da ƙara shekara shida ne, kuma a Oktoba 2023, a shari'ar Smith da bankin RBS, Kotun Ƙoli ta ce ana fara ƙirga su daga ranar da mu'amalar bashin ta ƙare, ba daga ranar da aka daina biyan inshorar ba. Ma'ana, wanda ya soke inshorar katinsa tun 2006 amma ya ci gaba da riƙe katin, lokacinsa bai fara tafiya ba sai ranar da aka rufe katin. Mutane da dama sun yanke wa kansu hukunci cewa sun makara alhali ba su makara ba. Wata guda bayan nan, a shari'ar Potter da kamfanin bashi na Canada Square, kotun ta ƙara da cewa idan da gangan aka ɓoye la'adar, ana iya jinkirta fara ƙirgar har zuwa lokacin da mutum ya gano, ko ya kamata a ce ya gano. Scotland tana da nata tsarin wa'adin dabam.

Kada dai a ɗauki kotu kamar koke. Akwai kuɗin shigar da ƙara, banki zai zo da lauyoyinsa, kuma ana iya faɗuwa. Wanda aka riga aka mayar masa da kuɗin inshorarsa gaba ɗaya ba shi da sauran abin nema, domin la'adar na cikin abin da ya karɓa. Wanda ya karɓi wani ɓangare kuma ya nemo takardar da ya sa wa hannu, ya ga ko an rubuta cewa da wannan biyan an rufe magana, sannan ya kai wa lauya ya duba kafin ya kashe ko sisi.

Harajin da aka cire

Diyyar kashi uku ce: kuɗin inshorar da ka biya, kuɗin ruwan da aka ɗora a kansa, da ƙarin kashi 8 cikin ɗari a shekara saboda daɗewar da kuɗinka ya yi a hannunsu. Wannan na ukun kaɗai ake cire wa haraji, kuma banki yana zare kashi 20 tun kafin ya turo. Tun Afrilu 2016 mai biyan haraji a matakin farko, wato na kashi 20, yana da rangwamen fam 1,000 a shekara kan irin wannan kuɗin shiga, na mataki na biyu, wato na kashi 40, fam 500. Ɗauki wanda kashi 8 ɗinsa ya kama fam 1,500, aka cire masa fam 300. Idan yana matakin farko kuma ba shi da wani kuɗin ruwa na ajiya a shekarar, harajin fam 500 kawai ya hau kansa, wato fam 100, saura fam 200 nasa ne. Idan kuɗin shigarsa bai kai na biyan haraji ba, duka 300 ɗin za a mayar masa. Amma na mataki na biyu ya yi hattara, domin shi ake bi fam 100.

Ana nema daga hukumar haraji, HMRC, da fam mai lamba R40, mazaunin wata ƙasa kuma R43. A haɗa da wasiƙar banki mai nuna yadda aka rarraba kuɗin. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta jimillar diyyar a gurbin kuɗin ruwa, wanda ke sa lissafi ya nuna kamar kai ake bi. Na biyu shi ne jinkiri. Shekarar haraji tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu, ana kuma da shekara huɗu daga ƙarshen shekarar da aka biya ka. Wanda aka biya a Yuni 2022, alal misali, yana da zuwa 5 ga Afrilu 2027. Wanda ke guje wa kuɗin ruwa saboda addini shi ma wannan wasiƙar zai riƙe, don ita ce ke ware masa uwar kuɗinsa daga ƙarin, ya kai wa malami tambaya da adadi a hannu.

'Yan tsakiya da 'yan damfara

Kamfanonin da ke nema wa mutane diyya ba su da wata hanya ta musamman, fam ɗin da za ka cike da hannunka suke cikewa. Tun Yuli 2018 doka ta hana su karɓar fiye da kashi 20 ban da harajin VAT a kan koken PPI, amma a hanyar kotu kason lauya yana iya zarce haka nesa, don haka a karanta yarjejeniya a ga nawa zai rage, da kuma wanda zai ɗauki asara idan aka faɗi. Kada a sa hannu wa kamfani biyu kan asusu ɗaya, domin kowannensu zai nemi kasonsa. Duk wanda ya bugo waya ya ce daga FCA yake ko daga ofishin sasantawa, akwai kuɗinka a ajiye amma sai ka fara turo wani abu, ɗan damfara ne. Waɗannan hukumomin ba sa neman kuɗi kafin biya.

Akwai sauran abubuwan da ake mantawa da su. Idan bankin yana bin ka bashin da ka kasa biya a kan wannan asusun, yana iya zare shi daga diyyar. Wanda kotu ta taɓa ayyana shi a matsayin wanda ya karye, diyyar inshorar da aka saya kafin lokacin ta masu bin sa bashi ce, kuma ɓoye ta laifi ne. Idan kamfanin da ya sayar da inshorar ya durƙushe, maganar tana komawa FSCS, asusun da ke biyan diyya ga abokan cinikin kamfanonin kuɗi da suka durƙushe, wanda yake duba cinikin da aka yi daga 14 ga Janairu 2005. Haƙƙin mamaci kuma yana shiga cikin dukiyar gado, sai dai banki ba zai saurari kowane ɗan uwa ba. Zai nemi takardar shaidar rasuwa da takardar da ke nuna wanda aka ba ikon kula da gadon, kuma idan a wajen Birtaniya aka fitar da su, a fara tambayar sashen da ke kula da asusun mamata irin tantancewar da suke karɓa kafin a aika kwafi.