Darasi na 7: Kada sukari ya hau, kada kuma ya faɗi

Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin kullum yana tsakanin gaba kura baya sayaki. Idan sukarin jininsa ya daɗe a sama, a hankali yake cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, sai a yi shekaru mutum bai ankara ba. Idan kuwa ya faɗi ƙasa sosai, ba ya jiran shekara, cikin 'yan mintuna yana iya kayar da mutum. Allurar da ke maganin na farkon, ita ce kuma take iya jawo na biyun.

Ga dalili. Jikin mai lafiya yana fitar da insulin, wato sinadarin da ke saukar da sukarin jini, daidai buƙata, idan sukari ya fara sauka sai ya rage da kansa. Amma wadda aka yi da allura, da zarar ta shiga ta shiga, babu mai janyo ta. Za ta ci gaba da aikinta ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Ƙwaƙwalwa kuwa da sukari take aiki, kuma ba ta da wani ajiya mai yawa, shi ya sa ita ce ke fara jin jiki.

Lambobin da ya kamata ku sani

Ɗauko na'urar gwajinka ka duba rubutun da ke gefen lamba. Wasu na'urorin suna nuna mg/dL, wasu mmol/L. Idan ka raba ta farko da 18 za ka sami ta biyu. A wannan darasi da mg/dL za mu yi lissafi.

Ga yawancin manya, likitoci kan so sukari ya tsaya tsakanin 80 da 130 kafin cin abinci, kuma kada ya kai 180 awa ɗaya zuwa biyu bayan an fara ci. Ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, sukari ya faɗi ke nan, ko da mutum yana jin kansa garau. Ƙasa da 54 kuwa abin ya fara zama haɗari. Akwai kuma gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance a watanni biyu zuwa uku da suka wuce. Mutane da yawa ana so nasu ya zama ƙasa da kashi 7 cikin ɗari.

Ku lura, mun ce mutane da yawa, ba mu ce kowa da kowa ba.

A shekarar 1993 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu ciwon sukari nau'i na farko, wato wanda jiki ke daina yin insulin. Waɗanda aka matsa wa sukarinsu ya kusanci na mai lafiya sun tsira sosai daga lalacewar ido da ƙoda. Sai dai faɗuwar sukari mai tsanani ta riƙa samun su kusan ninki uku na sauran. A 2008 kuma aka dakatar da wani sashe na wani binciken, na masu nau'i na biyu (wanda insulin ba ta aiki a jiki yadda ya kamata) sama da 10,000 da ke cikin haɗarin ciwon zuciya, domin an ga mace-mace sun fi yawa a rukunin da ake ƙoƙarin saukar da HbA1c ɗinsu ƙasa da kashi 6. Saboda irin wannan ne likita kan sassauta wa tsoho, ko mai ciwon ƙoda ko na zuciya, ko wanda ya taɓa suma, ya ce ƙasa da kashi 8 ma ya wadatar. Wannan ba sakaci ba ne. Don haka kada ka ga lambar wani ta fi taka ƙanƙanta ka ce sai ka kamo shi.

Yadda faɗuwar take zuwa

Da farko jiki kan yi ƙararrawa: rawar hannu, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa ta farat ɗaya. Idan ba a kula ba sai ta kai ga ƙwaƙwalwa. Gani ya dishe, magana ta sarƙe, mutum mai haƙuri ya hau faɗa ba gaira ba dalili. Sau da yawa na kusa da shi ne ke fara ganewa, shi kuwa ya dage cewa lafiyarsa lau. Ta dare ta fi wuyar kamawa. Wanda ya farka ya tarar da rigarsa jiƙe sharkaf, ko ya tashi da ciwon kai bayan munanan mafarkai, ya gaya wa likita.

Abin da ke jawo ta ba boyayye ba ne. An yi allura an jinkirta abinci, ko an ci kaɗan. An yi aikin ƙarfi fiye da yadda aka saba, kuma wannan kan iya saukar da sukari har cikin dare bayan an gama. An ɗauki allura mai saurin aiki a madadin mai jinkiri saboda sun yi kama. Giya tana hana hanta sakin sukarin da ta ajiye. Ƙodar da ta raunana kuma tana barin insulin ta daɗe a jiki.

Goma sha biyar, goma sha biyar

Idan ka ji alama, ka dakatar da abin da kake yi ka gwada. Idan babu na'ura a kusa, ɗauka cewa ya faɗi. Sha giram 15 na sukari mai saurin shiga jini: babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, ko na zuma, ko rabin kofi na lemo mai zaƙi, ko ƙwayar gulukos uku zuwa huɗu. Lemon da aka rubuta babu sukari a cikinsa ba zai yi ba. Cakulan da duk abu mai maiƙo ma ba su dace ba, domin mai yana jinkirta shigar sukari. Sai ka jira minti 15 ka sake gwadawa. Idan har yanzu ƙasa da 70 ne, ka maimaita. Idan ya hau kuma lokacin abinci da sauran nisa, ka ɗan ci wani abu mai riƙe ciki.

Jiran nan shi ne mai wuya. Mai jin yunwar faɗuwar sukari ji yake kamar ya cinye duk abin da ke gabansa, kuma idan ya biye mata sai lamba ta haura 250. Daga nan ya ƙara allura don ya sauko da ita, ta sake faɗuwa. Haka wasu suke yini suna lilo.

Wannan sashe na iyali ne, a karanta musu. Idan mutum ya suma, ko yana farfaɗiya, ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa, a nemi taimakon asibiti nan take. Idan akwai gulukagon, wato maganin gaggawa mai ɗaga sukari, a gida, na allura ko na fesawa a hanci, a yi masa. Kada a kuskura a yi masa insulin.

Akwai wata matsala da ba kowa ya sani ba. Idan sukari yana yawan faɗuwa, jiki kan saba, ƙararrawar ta daina kaɗawa. Mutum ya kai 50 bai ji komai ba sai dai a ga ya kife. Abin daɗi shi ne, idan aka yi makonni biyu zuwa uku ana kauce wa faɗuwa gaba ɗaya, alamun kan dawo wa mutane da yawa. Mai irin wannan hali ya gwada kafin ya tuƙa mota ko babur, kuma kada ya tuƙa idan lambar ba ta kai 90 ba.

Wani kuma, sau ɗaya ya suma, sai tsoro ya kama shi. Ya rage allura a ɓoye, ya bar sukarinsa a 200 kullum don ya yi barci da kwanciyar hankali. Tsoron nasa gaskiya ne, amma garin gudun gara ya faɗa gidan zago. Gara ya faɗa wa likita abin da ya faru dalla-dalla, a duba ko adadin allurar ne, ko lokacinta, ko nau'inta.

Aikin gida

Ja layi huɗu a littafinka. A saman na farko rubuta rana da lokaci, na biyu lamba, na uku abin da ka ci da aikin da ka yi, na huɗu adadin allura. Duk ranar da ka ga ƙasa da 70 ka zagaye lambar da jan biro. Bayan mako biyu ka duba: jan biron ya fi yawa kafin abincin rana, ko da tsakar dare, ko ranakun aikin ƙarfi? Ka tafi da littafin ranar ganin likita, ka kuma roƙe shi ya rubuta maka lambobin da yake so ka tsaya a kai a shafin farko.